Darasi na Tara: Kwabar Gilashi ta Ajiye Ƙananan Motoci

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san motar kara da motar langa-langa. Yaro zai wuni yana feƙe kara, ya yi mata taya, ya yi mata ƙyaure, bayan kwana biyu akuya ta taka ta. Akwai kuma manya da ke tara ƙananan motocin ƙarfe na kanti, waɗanda aka ƙera daidai da siffar motar gaske. Duka biyun aikin hannu ne da ya cancanci wurin zama mai kyau. A wannan darasi za mu koyi yi musu kwaba mai ƙyauren gilashi, irin wadda ake jera kwanukan amarya a ciki, amma ƙarama.

Kafin ka taɓa zarto, ɗauki tef ka auna motocin. A ƙarƙashin motar kanti sau da yawa za ka ga an rubuta lamba kamar 1:18 ko 1:43 ko 1:64. Ma'anar 1:43 ita ce, motar gaske ta ninka ƙaramar sau 43 a tsawo. Ɗauki Peugeot 504, wadda aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna. Tsawonta kusan mita huɗu da rabi ne, wato santimita 450. Raba 450 gida 43, za ka sami santimita 10 da ɗan ɗoriya. Idan 1:18 ce, tsawonta santimita 25 ke nan. Ka ga kwabar da ta ishi ta 1:43 ba za ta ishi ta 1:18 ba.

Mu ɗauka motocinka na 1:43 ne. Yi kwaba mai tsayin santimita 90, faɗi 60, zurfi 20. Sayi falankin filawud mai kaurin milimita 18. Cikakken falanki ƙafa 4 ne da ƙafa 8, rabinsa ma ya ishe ka. Yanka guda biyu na gefe, kowanne tsayi 90, faɗi 20. Na sama da na ƙasa za su shiga tsakanin na gefen ne, don haka a cire kaurin katako biyu daga 60, saura santimita 56.4. A nan ne masu koyo suka fi yin kuskure, sai su yanka 60 cif, daga baya ƙyaure ya ƙi zama.

Shafa gam a bakin katako, ka huda ƙaramin rami kafin ka ɗaura sukuru, don kada filawud ya tsage. Da ka haɗa kusurwa huɗu, ja tef daga kusurwar sama ta dama zuwa ta ƙasa ta hagu, sannan ka auna ɗaya ɓangaren. In awon biyu ya zo ɗaya, kwabarka ta miƙe. In ba haka ba, matsa ta da hannu tun gam bai bushe ba. Sai ka buga siririn filawud a baya, ka yi masa farin fenti don launin motocin ya fito.

Sa kanta huɗu a ciki, su ba ka hawa biyar. Ni na fi son a bar hawan ƙasa da ɗan tsayi, domin motar karan da ɗanka ya yi ta fi na kanti girma, kuma ita ma tana da haƙƙin shiga.

Kada ka sayi gilashi sai ka gama firam ɗin ƙyaure. Kai firam ɗin wurin mai yankan gilashi ya auna da kansa. Milimita 4 ya isa. Ka roƙe shi ya goge bakin, saboda hannun yara.

Babban abokin gabar wannan kaya shi ne ƙurar hunturu. Tana shiga ta kafar da allura ma ba za ta bi ba, ta kwanta a kan fenti, in ka zo gogewa madubin mota ya karye a hannunka. Yanko siririn soso ko robar tsohon tib, ka manna zagaye da bakin ƙyaure, yadda in an rufe zai matse. Kada ka kafa kwabar inda rana ke shigowa ta taga, tana kashe launi. Kada kuma ka ajiye ta a ƙasa, saboda gara da damshin damina. Ɗaure ta a bango da sukuru masu ƙarfi, yadda ko yaro ya ja ƙyauren ba za ta rufto masa ba.

Aikin gida: kowace mota tana cin santimita 10, da tazarar santimita 3 tsakaninta da ta kusa. Mota nawa za ta shiga hawa ɗaya mai faɗin 56? Hawa huɗu na sama fa, mota nawa za su ɗauka? Rubuta amsar a littafinka, ka zo da tef ranar darasi na gaba.