Kurakuran da aka fi yi wajen yi wa yara bitar nahawun Turanci da kati

Iyaye da malamai da dama a Kaduna sun kama hanyar yi wa yara bita da ƙananan katuna, tambaya a gaba, amsa a baya. Wasu saye suke yi a shagon littattafai, wasu kwali suke samu su yayyanka da almakashi. Hanya ce mai araha, ba ruwanta da caji ko data. Sai dai za ka ga yaro ya ƙare zango guda yana juya kati, ranar jarrabawa kuma ya rubuta "Yesterday I go to school". Galibi matsalar tana ga yadda aka rubuta katin da yadda ake amfani da shi.

Babban kuskure shi ne rubuta kalma ɗaya tak: "go" a gaba, "went" a baya. Yaro zai haddace su tsaf, ya rera maka kamar waƙa, amma bai san inda zai saka kowacce ba, domin nahawu a cikin jimla yake zaune. Ga yaron da ya tashi da Hausa abin ya fi tsanani, kuma da dalili. A Hausa muna cewa na ci, zan ci, nakan ci. Lokacin yana jikin ɗan abin da ke gaban aikatau, shi kuwa "ci" bai motsa ba. Turanci aikatau ɗin kansa yake sauyawa. Yaron da ya rubuta "yesterday" ya bar "go" yadda take, ƙa'idar harshensa ya bi, a ganinsa ya riga ya faɗi lokaci. Buroka da yake ji a kasuwa da cikin Keke ma ba ta sauya aikatau, ka ga an taru a kansa ke nan. Gyaran shi ne jimla cikakkiya mai gurbi: "Yesterday Amina ____ rice", a rubuta "eat" ƙarama a ƙasa, a baya kuma jimlar duka da "ate" a ciki. In ya amsa, ka ce to, gobe fa? Ya sake gina ta da bakinsa.

Haka ma ƙaramar "s" ɗin nan ta "he goes" da "she eats", wadda har manya take kayarwa. Kada a ba ta kati ita kaɗai. A yi katuna biyu masu jimla iri ɗaya, ɗaya da "I", ɗaya da "Musa", a riƙa fito da su a jere har kunnen yaron ya fara jin inda ta ɓace.

Katunan da ake saye kuma ba don yaranmu aka tsara su ba, shi ya sa suke tsallake wuraren da Bahaushe ke tuntuɓe. A wurinmu komai ko namiji ne ko tamace: mota ta lalace, gida ya rushe. Don haka yaro zai kira mota "she" hankalinsa kwance. Yana buƙatar katuna masu hoton abubuwa, tukunya, akuya, allo, amsarsu duka "it". Sannan kai da ke da ku duk "you" ne, kuma "are" yake ɗauka ko da mutum ɗaya ake nufi. Ban da wannan, hotunan dusar ƙanƙara da 'ya'yan itacen da yaro bai taɓa gani ba aiki biyu suke ba shi. Rubuta masa jimla a kan jirgin ƙasan da ke tashi daga Rigasa, ko gadar Kawo, ko awarar da yake saye a bakin makaranta, hankalinsa ya tafi kan nahawun kawai.

Akwai wata doka da ake rubutawa a kati wadda ita kanta gurguwa ce: wai "an" na zuwa gaban a, e, i, o, u. Sauti ake bi, ba harafi ba. Shi ya sa ake cewa "an hour", ake kuma cewa "a uniform", kayan da yaron ke sawa kullum. Katin "a" da "an" da baki ake yin sa, a faɗi kalmar da ƙarfi kafin a zaɓa.

Sai gaggawar juya kati. Uwa ta ɗaga kati, yaro ya yi shiru, tausayi ya kama ta, ta juya masa. To amfanin yana cikin wannan ɗan shirun, lokacin da yake lalubo amsar a kansa. Ki ƙirga biyar a zuci kafin ki taimaka, in za ki taimaka ma ki ba shi harafin farko kawai. A aji kuwa amshi ne ke ɓata aikin. Malam ya ɗaga kati, yara uku na gaba su faɗa, sauran su bi da ihu, a tashi kowa na ganin an iya. Gara a raba su huɗu-huɗu ko biyar-biyar, ɗaya ya riƙe katuna, sauran su amsa bi da bi. A riƙa cakuɗa katunan kuma, don yara na da wayon haddace jeri.

Tara bita sai daren jarrabawa ma kuskure ne. Tun 1885 Bajamushen nan Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri jim kaɗan bayan koyo, kuma maimaitawa a rarrabe tana rage ta. Duk wanda ya yi Islamiyya ya san haka, hadda ba muraja'a zubewa take yi. A 1972 wani ɗan jarida Bajamushe, Sebastian Leitner, ya fito da tsarin akwatuna da za a iya kwaikwaya da ambulan uku. Na farko kullum, na biyu bayan kwana uku, na uku mako-mako. Katin da aka ci ya matsa gaba, wanda aka faɗi ya dawo na farko. Minti goma bayan Magariba da kati takwas ko goma ya ishi ɗan aji biyu ko uku. Yaron da ya yi boko da safe, Islamiyya da yamma, ba shi da sauran ƙarfin da ya wuce haka. Bulala kuma a ajiye ta, katin da ya faɗi komawa ambulan na farko ne hukuncinsa.

Ni ban goyi bayan rubuta jimla mai kuskure da manyan haruffa a ce wa ƙaramin yaro ya gyara ba, ido na riƙe abin da ya gani. A bar wannan sai aji biyar ko shida. Mai rubuta katin ma ya duba littafin Turancin yaron kafin ya fara rubutu, don kuskuren da ya hau kati sai an maimaita shi sau da yawa kafin a ankara. A yi amfani da kwali mai kauri, in ba haka ba tawada za ta fito ta baya, yaro ya karanta amsar ta cikin hasken fitila yana yi maka murmushi.