Yadda ɗalibin jami'a a Legas zai raba lokacinsa tsakanin karatu, sana'a da nishaɗi

Abu na farko da ya kamata ɗalibi ya lissafa a Legas shi ne lokacin da hanya take ci, tun kafin ya zauna rubuta jadawalin karatu. Wanda yake kwana a Agege ko Mile 12 yana karatu a Jami'ar Legas da ke Akoka, ko a Jami'ar Jihar Legas (LASU) da ke Ojo, ya san cewa tafiyar da za a yi cikin rabin awa da asuba tana iya kai awa biyu idan gosulo ya kama. Saboda haka ka ɗauki mako guda kana rubuta lokacin fitarka da na isowarka kowace rana, sannan ka cire wannan adadi daga awanninka. Abin da ya rage shi ne ainihin jarinka, kuma sau da yawa bai kai abin da kake zato ba.

Daga nan ka nemi hanyar rage asarar. Jirgin ƙasa na Red Line, wanda ya fara ɗaukar fasinjoji a 2024, yana tsayawa a Agege da Ikeja da Oshodi da Yaba, daga Yaba kuma Akoka ba nisa. Ana biya da katin Cowry, wanda shi ne kuma ake amfani da shi a manyan motocin bas na BRT. Kada ka dogara da acaba, domin tun 2022 gwamnatin jihar ta hana shi a ƙananan hukumomi da dama, har da wadda Yaba take ciki. Idan kuwa ka samu gado a ɗakin kwanan ɗalibai, ka karɓa ko da cunkoso ya yi yawa. A ganina takurar ɗaki ta fi sauƙi a kan hawa danfo, wato ƙananan motocin bas na haya, sau biyu a rana.

Batun sana'a shi ne inda aka fi yin kuskure. Yawancinmu muna zaɓen aiki ne bisa yawan kuɗinsa, alhali abin dubawa shi ne wurinsa da lokacinsa. Aikin da yake kusa da makaranta ko kusa da gida, kamar koyar da yara darasi da yamma, ko zaman shagon POS, ko ɗinki da sayar da turare da atamfa ta WhatsApp kamar yadda ɗalibai mata da yawa suke yi, ya fi wanda zai ƙara maka tsallaka gadar Third Mainland, ko da albashin can ya ɗara. Wanda yake taimaka wa kawunsa ko maigidansa a kasuwar Mile 12, inda ake sauke tumatir da albasa da tattasai daga Arewa tun da sassafe, sai ya yi magana a fili tun farkon zangon karatu. Ka kai masa jadawalin lakcocinka a rubuce, ka ce: "Alhaji, ranakun Talata da Alhamis ina da aji da safe, amma Asabar gaba ɗaya taka ce." Dattijo ya fi yarda da uzurin da aka faɗa masa tun da wuri a kan wanda aka kawo ranar da mota ta iso ba a ga yaro ba. Haka kuma ka nemi izinin hutun makonni biyu kafin jarabawa a wannan zaman, domin taura biyu ba ta taunuwa. Idan kuɗin makaranta ne yake tilasta maka aikin da ya fi ƙarfinka, ka nemi lamunin ɗalibai na NELFUND, asusun gwamnatin tarayya, da aka fara a 2024, wanda babu ruwa a kansa, amma ka tuna bashi ne da za a biya bayan kammalawa.

A ɓangaren karatu, ka sa ido a kan kwasa-kwasan da suke da nauyi mai yawa a lissafin maki, domin su ne suke jan matsakaicin makinka sama ko ƙasa. A ma'aunin maki biyar, daraja ta ɗaya tana farawa daga 4.50, ta biyu babba kuma daga 3.50, kuma maki da ya faɗi a aji ɗaya yana da wuyar ɗagawa a aji uku. Awa ɗaya bayan sallar asuba, kafin wayar kowa ta fara ƙara, ta fi awa uku na dare bayan gajiyar kasuwa.

Nishaɗi kuwa ban ce ka bari ba, domin wanda ya yi alkawarin daina kallo gaba ɗaya ba ya wuce mako guda. Ka ba shi wurin da karatu ba ya yiwuwa, wato hanya. Ka sauke fim ɗin Kannywood mai dogon zango daga YouTube a lokacin da data take da araha, ka kalle shi a jirgi ko a BRT, inda ake zaune cikin natsuwa. A danfo dai ka mayar da wayar aljihu, musamman kusa da taga. Ƙwallo ma tana da lokacinta sananne: gasar Firimiya yawanci Asabar da Lahadi, gasar zakarun Turai daren Talata da Laraba. Ka zaɓi wasa ɗaya a mako, na ƙungiyarka, ka bar gidan kallo da zarar an busa, domin gardamar bayan wasa ta fi wasan tsawo. TikTok ne ya fi haɗari saboda ba shi da ƙarshe kamar fim ko wasa. Ka sa masa iyakar minti talatin a saitin waya, a makonnin jarabawa kuma ka cire shi daga wayar gaba ɗaya. Asusunka yana nan, za ka same shi ranar da ka ajiye biro a takarda ta ƙarshe.