Darasi na 9: Idan Ruwan Sama Ya Jiƙa Tanderun Bulo

Ɗauki jan bulo ka ɗiga masa ruwa. Kafin ka ƙifta ido ya shanye. Haka tanderun da ke waje yake sha idan ruwa ya kwana yana dukansa. Washegari rana ta fito, bayansa ya bushe, sai ka ce ai shi ke nan. Ina! Ruwan yana ciki, musamman ƙarƙashin daɓen.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a cika shi da itace, a hura babbar wuta wai don ya bushe da wuri. Ruwa yana tafasa a digiri 100. Idan ya zama tururi, wurin da yake bukata ya ninka na da kusan sau 1,700. Tururin da ya rasa hanyar fita sai ya yi wa kansa hanya: bango ya tsage, fuskar bulo ta ɓanɓare. Wani lokaci har ƙarar za ka ji, ƙas, kamar an karya kara.

Fara da kwashe jiƙaƙƙiyar toka, don tana riƙe danshi. Bar ƙofa a buɗe, iska ta yini tana shiga. Sannan ka hura 'yar ƙaramar wuta a tsakiya da busassun ƙirare. Kada harshenta ya taɓa rufi. Riƙe ta haka na wasu awoyi, ka bar ta ta mutu da kanta. Gobe ka ƙara itace kaɗan, jibi ka ƙara. Tanderun da ya sha ruwa sosai yakan ci mako guda, ko fiye.

Ta yaya za ka gane ya bushe? Jiƙaƙƙen tanderu wutarsa ba ta da kuzari, hayaƙi ya yi yawa, daɓen kuma ya ƙi ɗaukar zafi. Dubi baƙin hayaƙin da ya manne a rufi. Idan ka hura cikakkiyar wuta ya ƙone, bulo ya fito fes, an kusa. Washegari ka sa hannu ciki. In da sauran ɗumi, bulo ya koma riƙe zafi.

Kada ka naɗe shi da leda tun yana da danshi. Gumi zai yi a ciki. Rumfa ta fi, mai tsayin da wuta ba za ta kai gare ta ba, iska kuma tana ratsawa ta ƙasanta.