Kafin ka sayi kayan wankin tagogi, duba gini ka auna ruwa

Hanya biyu ake bi a sana'ar wanke tagogi. Akwai ta hannu, wadda ake jiƙa gilashi da ruwan sabulu sannan a share shi da roba. Akwai kuma ta doguwar sanda mai buroshi a kai, wadda tataccen ruwa ke bi ta cikinta, mutum yana tsaye a ƙasa yana wanke tagar bene, ya bar ta ta bushe da kanta. Abu biyu ne za su zaɓa maka wadda za ka zuba kuɗinka a kai: irin gine-ginen da za ka riƙa samun aiki a cikinsu, da irin ruwan da ke hannunka. Mai wanke gaban shaguna da cikin ofisoshi, kayan hannu sun ishe shi. Wanda aikinsa zai fi yawa a wajen gidaje masu hawa biyu ko uku, shi ne sanda za ta biya wa buƙata. Amma ko wanne ne kai, fara koyon ta hannu, domin sanda ba ta shiga ɗaki, ruwanta ƙasa yake zuba.

Kayan hannu

Babban makami shi ne sikwiji, wato abin share ruwa mai bakin roba. Sassa uku gare shi: mariƙi, da dogon ƙarfe mai tsagi, da robar da ake zurawa a cikin tsagin. Ettore Steccone ne ya fito da irin wanda ake amfani da shi yanzu, a Amurka a 1936, kuma har yau siffarsa ba ta sauya sosai ba. Fara da ƙarfe mai tsawon santimita 35, ka haɗa da ƙarami na 15 ko 25 saboda ƙananan gilasai, mariƙi ɗaya ya ishe su duka. Kada ka yi gaggawar sayen na 45. Dogon ƙarfe yana son hannun da ya ƙware, kuma idan gilashin ya ɗan lotsa a tsakiya sai robar ta tsallake wurin ta bar ruwa.

Robar ita ce ke yin aikin, a nan ne bai kamata a yi rowa ba. Bakinta dole ya kasance da kaifi, a miƙe, ba tsaga. Idan ka ga layin ruwa siriri yana fitowa a wuri ɗaya duk lokacin da ka ja, to bakin ya samu rauni a daidai nan. Zaro ta ka juya, domin baki biyu gare ta, in duka sun ci sai ka sa sabuwa. Yanka ta da reza mai kaifi, a bar milimita 2 zuwa 3 ta leƙo a kowane gefen ƙarfe. In ta yi gajarta ƙarfe zai karce firam, in ta yi tsawo gefen zai lanƙwashe ya bar ruwa. Roba mai tauri ta fi dacewa da lokacin zafi, mai laushi kuma da lokacin sanyi, saboda zafi yana sa roba ta saki. Ajiye ragowar a inuwa, a kwance.

Sai abin shafa ruwan sabulu, sanda mai siffar harafin T da ake sa wa riga mai gashi. Ya zama faɗinsa ɗaya da sikwijin ko ya ɗan fi shi, ka sayi riga biyu. Bokiti kuma mai tsawo ake nema, wanda abin shafar zai kwanta a ciki gaba ɗaya, zagayayyen bokiti rabi kawai yake jiƙawa. Tsummoki kashi biyu: masu goge dakalin taga da firam, da busassu marasa zubar da zare na goge gefen gilashi. Kada a haɗa su, kada kuma a wanke su da sinadarin tausasa tufafi, yana bar musu maiƙon da ke komawa kan gilashi.

Sabulun ruwa na wanke kwanuka ya wadatar, ƙaramin cokali ɗaya zuwa biyu a lita 10. Amfaninsa shi ne santsi. In ya yi kaɗan robar za ta riƙa tsalle tana ƙara, in ya yi yawa zai bar dauɗa mai kama ƙura, taga ta sake yin datti da wuri. Garin sabulu ba ya narkewa duka, yana barin fari. Gilashi mai leda mai duhu a jiki kuwa kada a kusance shi da sinadari mai amoniya, yana lalata ledar.

Ga yadda ake ja. Jiƙa gilashin duka, ka cuɗa inda datti ya kama. Naɗa busasshen tsumma a yatsa ka busar da siririn layi a sama, nan robar za ta fara, don in ta tashi daga jiƙaƙƙen wuri ruwa zai biyo ta baya. Kwantar da ita kamar digiri 45, ka ja ƙasa ba tare da dannawa da ƙarfi ba. Goge bakin robar bayan kowace ja, ja ta gaba kuma ta hau kan busasshen wuri da santimita 3 zuwa 5. Idan hannu ya saba sai ka koyi ta lilo, inda robar ke kai da komowa daga sama har ƙasa ba a ɗaga ta ba. Ita ce ke kawo sauri, kuma a kan tagar gidanka ake koyonta, ba a kan ta mai biya ba. Tsara aikin yini yadda za ka riƙa bin inuwa, gilashi mai zafi yana busar da sabulu kafin roba ta iso.

Reza mai faɗi ta kankare fenti da siminti tana da amfani, amma ita ce ta fi jawo wa sabon shiga asara. A jiƙe kawai ake amfani da ita, a tura gaba, a ɗaga, a sake turawa. Jan ta baya yana jan tsakuwa a ƙarƙashinta. Rezar da ta yi tsatsa a jefar. Wasu gilasai da aka ƙarfafa da wuta suna da ƙananan ɓurɓushi manne a fuskarsu tun daga masana'anta, reza na ɓamɓaro su ta ja su, su bar zane da ba ya gyaruwa. Gwada a kusurwa tukuna, kada ka sa ta kan leda ko gilashi mai shafe, kuma ka nuna wa mai gida duk wani tsohon karce kafin ka taɓa tagar.

Tsani

Faɗuwa ita ce babban haɗarin sana'ar. A kowace mita 4 ta tsayi, ƙafar tsani ta nisanci bango da mita 1. Kada ka taka matakai uku na ƙarshe, kada kuma cibiyarka ta wuce gefen tsanin. Abin da hannu bai kai ba, sauka ka matsar. Sanda mai zugewa da ake ɗaura wa sikwiji tana rage hawa sosai a gaban shaguna.

Sanda da tataccen ruwa

Tabon da ruwa ke bari idan ya bushe, ma'adinan da suka narke a cikinsa ne, irin su kalsiyam da magnisiyam. Cire su, ruwa ya bushe ba alama. Saboda haka abu na farko da za ka saya shi ne ƙaramin ma'aunin TDS, mai nuna yawan ma'adinai da lissafin ppm, wato kashi nawa cikin miliyan. Ruwan wanki ya kamata ya nuna ƙasa da 10, sifili ya fi.

Auna ruwan da za ka riƙa ɗiba, adadin shi zai gaya maka na'urar da ta dace. In yana ƙasa da kamar 100, tulun DI kaɗai zai iya, wato tulu cike da ƙwayoyin rezin masu kama ma'adinai. In ya haura haka sosai, rezin zai riƙa ƙarewa da sauri ya cinye ribar, sai a sa matatar RO a gabansa, wato matatar da ke tura ruwa da ƙarfi ta cikin wata siririyar fatar tacewa. Ita tana cire fiye da kashi 90 cikin 100, rezin ya ƙarasa ragowar. RO tana buƙatar matata biyu kafin ta, ta laka da ta gawayi mai cire kulorin, domin kulorin yana lalata fatar tacewar. RO tana son ruwa mai fitowa da ƙarfi, tana kuma zubar da wani kaso mai yawa, abin lura ne ga wanda ke sayen ruwa.

Yi lissafin ruwa tun kafin ka zaɓi abin ɗauka. Buroshi mai fitar da lita ɗaya da rabi a minti zai shanye jarkar lita 25 cikin ƙasa da minti 20. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, tankin lita 400 kenan kilo 400 ne, dole mota ta iya ɗauka, a kuma ɗaure shi da ƙusoshi a jikinta, don ruwa yana turo mota in an taka birki.

Sandar faiba, wato ta zaren gilashi, tana da araha amma da nauyi, tana kuma lanƙwasa in an zuge ta. Ta kabon ba ta da nauyi kuma ba ta rawa, kafaɗarka za ta gode maka. Sayi tsawon da yawancin aikinka ke buƙata, ƙarin tsawo nauyi ne da za ka yini kana ɗauka. Kabon yana ɗaukar lantarki, jiƙaƙƙiyar sanda ma haka ko da wace iri ce, don haka ɗaga kai ka duba wayoyi kafin ka miƙe ta.

Wankin farko da sanda shi ne ya fi ba da kunya. Tsohon sabulu da ƙura suna maƙale a firam da robar gefen gilashi, tataccen ruwa yana jawo su, su gangaro su bushe da tabo. Cuɗa firam na sama sosai ka ɗauraye, ka bar shi ya gama ɗiga, sannan ka wanke gilashin. A ƙarshe ɗaga buroshin daga jikin gilashi ka ɗauraye daga sama zuwa ƙasa, ba tare da ruwan ya sake taɓa firam na sama ba. Sanar da mai gida cewa za a bar tagar a jiƙe, ka kuma dawo bayan ta bushe ka duba. Tabo a jere daga sama laifin firam ne. In ya bazu ko'ina, sake auna ruwanka, rezin ya ƙare.