Shawara ga iyaye a Jidda da Makka kan kuɗin jami'a

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Duk mai ɗa ko 'ya a ajin ƙarshe na sakandare ya fara duba iƙamar yaron, wato takardar izinin zama a Saudiyya, tun yanzu, domin gurbin karatu na gwamnati da ake ba baƙi mazauna ƙasar, wanda ake kira minha ta cikin gida, ba ya samuwa da iƙamar da wa'adinta ya ƙare. Ana nema ne ta shafin intanet na Ma'aikatar Ilimi, kuma jami'o'i suna duba sakamakon jarrabawar Ƙudurat da ta Tahsili, wato jarrabawoyin neman shiga jami'a, tare da na sakandare, saboda haka kada yaro ya tsaya a zama ɗaya idan makinsa bai yi kyau ba.

Ni kaina na yi sakaci da wannan, sai da aka buɗe shafin na ga takardar ɗana ta mutu, gurbin ya wuce mu.

Idan minha ba ta samu ba, jami'o'in kuɗi suna karɓa ne zango-zango, kuma a ganina ya fi sauƙi a shiga adashi, a tsara kwasa ta faɗo kafin rajistar kowane zango, maimakon cin bashi.