Yadda nake tantance ci gaban fim ɗin aljanu kafin in ƙona data

A Oktoban 2023 na zauna na kalli The Exorcist: Believer, ci gaban The Exorcist na 1973, don kawai na ji Ellen Burstyn, jarumar fim na farkon, ta dawo bayan shekara 50. Na yi da-na-sani. Tun daga ranar, ga yadda nake yi.

Fara leƙa Rotten Tomatoes, shafin da ke tattara ra'ayin masu sharhin fim, amma ka san abin da kake karantawa. Kashi 22 cikin ɗari da fim ɗin ya samu ba makin jarrabawa ba ne. Ana nufin a cikin masu sharhi ɗari, wajen 22 ne suka ce ya yi.

Sai ka nemi CinemaScore. Su waɗannan a gidajen silima na Amurka suke raba wa 'yan kallo kati a daren farko, kowa ya zaɓa daga A zuwa F. A nan mutane ke kuskure. Fim ɗin ban tsoro da wuya ya samu A, don wanda ya fito hantarsa na kaɗawa ba ya da bakin yabo. Hereditary na 2018 D+ aka ba shi, alhali masu sharhi sun yaba masa ƙwarai, kuma har yau ba na yarda in kalle shi ni kaɗai da dare. To in ka ga ɓangarorin biyu sun saɓa, sauke shi, akwai abin gani. Believer kuwa C ya samu. Bakinsu ya zo ɗaya, ni ne ban duba ba.

Kada ciniki ya ruɗe ka. Believer ya tara sama da dala miliyan 130 a duniya, an kashe masa miliyan 30, sai ka ce riba. Amma miliyan 400 kamfanin Universal ya biya don sayen haƙƙin The Exorcist, da niyyar yin fim uku. Darakta David Gordon Green ya ajiye aikin, aka soke Deceiver da zai biyo baya, aka kira Mike Flanagan ya sake sabon lale.

In duk da haka ranka yana so, nemo mutum ɗaya da ya yaba, ka ji hujjarsa. Exorcist II na 1977 dariya 'yan kallo suka riƙa yi masa a silima, har daraktansa John Boorman ya sake yanka shi, amma darakta Martin Scorsese ya ce ya fi na farkon. Saboda maganarsa na kalla. Ni ma dariyar na yi, sai dai kiɗan da Ennio Morricone ya yi wa fim ɗin yana cikin wayata har yanzu.