Darasi na 9: Maganin mafitsarar da ba ta da haƙuri

Toh iyayena da yayyena, darasin yau kan abin da mutane da yawa ke fama da shi ne amma kunya ta hana a faɗa. Mutum na zaune ko yana tsakiyar sallah sai fitsari ya taso masa farat ɗaya, kafin ya kai bayi wani sa'in har ya ɗiga a wando ko a zani, a sake tsarki a sake alwala, da dare kuma a tashi sau biyu sau uku barci ya gagara. Mafitsarar babban mutum tana iya riƙe kamar ledar fiya wata ɗaya, wajen rabin lita kenan, amma a wannan larurar tsokar mafitsarar ce ke matsewa da kanta tun ba ta cika ba. In kana zagayawa fiye da sau 8 tsakanin yini da dare kuma kullum a matse, lokacin ganin likita ya yi.

Likita fa na ce, ban ce mai kemis ɗin bakin layi ba. Don yawan fitsari ba hanya ɗaya yake zuwa ba. Ciwon suga na kawo shi, ƙwayar cuta a mafitsara na kawo shi, wasu magungunan hawan jinin ma aikinsu kenan su sa fitsari, ga dattawa maza kuma akwai kumburin furostet, wato wani ɗan ƙullutun nama a ƙasan mafitsarar namiji, da ke tare hanyar fitsari. Wanda hanyarsa ta toshe in ya sha maganin da za mu karanta yanzu fitsarin na iya ɗaukewa gaba ɗaya, sai an sa masa roba. Shi ya sa ake fara gwada fitsari da suga tukuna. Yoyon fitsarin da mata ke samu bayan doguwar naƙuda kuwa daban ne, shi aikin tiyata ake yi, ƙwaya ba ta ɗinke shi.

Yanzu ku kalli allo, ga sunayen yadda za ku gan su a jikin kwali: Oxybutynin, Tolterodine, Solifenacin. Ba sai kun iya furtawa ba, ni ma sai da na yi ta maimaitawa, ku dai gane harafin farko, O da T da S. Dukansu ukun dangi ne, suna lallashin tsokar nan ta daina matsewa ba gaira ba dalili. Matsalar ita ce ba mafitsara kaɗai suke taɓawa ba, shi ya sa za ka ji baki ya bushe ƙamas, bayan gida ya yi tauri, wani gani ya riƙa yi masa dishi-dishi, kuma suna rage gumi, to kun san zafin watan Afrilu dai, mai sha ya guji daɗewa cikin rana. Tsofaffi su ne abin lura sosai, musamman da Oxybutynin, don yana iya kawo ruɗewa da mantuwa, sai ku ji ana cewa ai Baba tsufa ya kama shi alhali ƙwayar ce. Mai hawan jinin ido shi ma lallai ya faɗa wa likita kafin a rubuta.

Akwai na huɗu, Mirabegron, shi hanyarsa daban, bai cika busar da baki ba amma yana iya ɗaga hawan jini, don haka ana auna jini kafin a fara da bayan an fara.

Sai karatun ambulan ɗin magani, wanda shi ne ainihin aikinmu a nan. In kin ga an rubuta Solifenacin 5mg, 1x1, ƙwaya ɗaya ce sau ɗaya a rana. 1x2 ƙwaya ɗaya safe ɗaya yamma. Lambar da ke manne da mg ƙarfin maganin ne, ba yawan ƙwayoyin da za a sha ba, dan Allah a riƙe wannan, 5mg ba ƙwaya 5 ba ce. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kuma a tambayi mai famasi ko irin wanda ake haɗiyewa ɗungurungum ne, don wasu ba a fasa su ba a tauna su. In an manta ba a sha ba kar a ninka washegari.

Kuma ba Panadol ba ne da za a sha yanzu a ji sauƙi anjima, yakan ɗauki sati 4 kafin a ga aikinsa sosai, mutane da yawa sati ɗaya suke yi su ce bai karɓe su ba su ajiye. In bushewar bakin ta dame ka koma a canza maka wani. A rage shayi da kofi da lemon kwalba, da goro ma, na san nan ne za mu ɓata da Alhazai, amma kar a daina shan ruwa don fitsari mai kauri ya fi tsokanar mafitsara. In an ga jini a fitsari, ko zazzaɓi da ciwon baya, ko fitsarin ya ƙi fita, asibiti a ranar.

Aikin gida: a ja layi a raba shafi uku, a rubuta Litinin, Talata, Laraba. Duk zagayawa ɗaya a rubuta ƙarfe nawa ne, in an ɗiga a sa alamar x a gefe. Wanda ba shi da larurar ma ya yi, koyon rubuta lokaci ne, mai ita kuma wannan shafin zai miƙa wa likita.